Na Ga Sunan Kakanka a Littafin Lanho

Maraɗi, daren Alhamis

Aminina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanenmu na zangon Kumasi. Ina gajiya, ina kasuwa? Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Mu nan sai godiya. An gama ɗaurin hatsi, hazo ya fara sauka.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutu, ni da ba na wuce saƙon murya. To abin da na gani ne ya fi ƙarfin minti biyu: na ga sunan kakanka a takarda. Amma bari in faro maka daga tushe.

Ka tuna gonarmu ta gado ta hanyar Madarunfa, inda muke zuwa cin ɗanyar gujiya muna yara? Bana maƙwabtanmu na gabas suka taso, wai kakansu ne ya ba namu aro. Magana ta kai gaban mai gari, ya ce kowa ya kawo shaida. Ka san yadda sha'anin gona ya cakuɗe a ƙasar nan. A 1974 Janar Seyni Kunce ya ce gona ta mai nomanta ce, masu aro da masu jingina da yawa suka riƙe abin da ke hannunsu. A 1993 kuma dokar karkara ta zo ta amince da mallakar gargajiya, aka kafa kwamitocin filaye. Yanzu kowa na jawo zancen da ya yi masa daɗi. Ni kuwa da taƙamar na yi lakwal, wato makarantar boko, na ce takarda za ta raba gardama.

Na yi sati uku ina yawo. Inda na sa rai ban samu kome ba, wani wuri ma aka nuna mini kwali da gara ta riga ni karantawa. Daga ƙarshe wani tsoho da ya taɓa yin aikin rubutu a fada ya tura ni gidan mai unguwarmu na da. Jikansa ya jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado, ga littafin ƙidaya na zamanin Nasara, bangon ya cinye, tawada ta koma ja. An rubuta shi bayan tashin garin Maraɗi daga kwari zuwa tudu, kafin ƴancin kai na 1960.

Aminina, littafin nan ba don tarihi aka yi shi ba, don lanho, wato haraji, aka yi shi. Shafi a tsattsage yake gida-gida: mai gida, matansa, ɗiyansa, sannan shanu, awaki, tumaki, jakai. Ko kalma ɗaya babu a kan gona. Bature kai yake ƙirgawa da bisashe, don su ake biya wa. Gonar karkara ba ta da takarda a wancan zamani. Ka ga abin da ya kai ni ban samu ba ke nan. Sai dai na kasa ajiye littafin.

Wahalar farko sunaye. Mahaifin kakana Usumanu aka raɗa masa, amma babu mai kiransa haka, don sunan surukin uwarsa ne. Nomau aka san shi, da yake lokacin noma aka haife shi. Mai rubutu ya ji daga bakin tafinta, ya sa "Nomao". Na wuce shi sau biyu ban gane ba. Ga shi kowa "né vers" ne, wato an haife shi wajen shekara kaza, an dubi gemunsa ko haƙoransa an yanka masa shekaru. Har na ga uwa da ɗanta da tazarar shekara tara tsakaninsu!

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, na ƙirga ɗiyan Nomau, kakana ba ya ciki. Ga yayyensa mata, ga ƙanensa, shi babu. Na kwana ina saƙa da warwara. Ko ɗan riƙo ne? Ko agola ne aka ɓoye mana? In haka ne, ai maƙwabta sun samu sandar dukanmu.

Da safe na tafi wurin Gwaggo, ka san ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na karanta mata. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kai yaro, wa ya gaya maka ana nuna wa kumandan ɗa namiji?" Ta ce da an ji masu ƙidaya sun doso, sai a watsa samari. Wani a sa shi cikin rumbu, wani a tura shi daji da awaki. Sunan da ya shiga littafi ya shiga lanho, ya shiga aikin dole, ya shiga soja, ya shiga lakwal. Aikin dole an soke shi a 1946, amma tsoro bai bi shi ya tafi ba. Kakana dai da dare aka ƙetare da shi ta Jibiya zuwa ƙasar Ingilishi, wurin wani malami, ya yi shekaru yana almajiranci. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba dangi, amma ta ba talaka ƙofar gudu. Wato rashin sunansa a littafi shi ne shaidar ɗan so ne. Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba.

Daga nan Gwaggo ta ɓalle. Ita ba ta ƙirga da shekara, da masifa take ƙirgawa. Ta ce Nomau yana goye aka yi yunwar Kakalaba. Na duba, yunwar 1913 zuwa 1914 ce, ka ga ta fi "né vers" ɗin Bature daidai. Ta jero mini kakanni biyar, ta kai ga wanda wai ya fito Katsina tare da Ɗan Kasawa bayan jihadin Shehu, lokacin da aka kafa sarautar Katsina a Maraɗi wajen 1819. Wannan kam na karɓa da hannu ɗaya. Wane Bamaraɗe ne bai ce kakansa na riƙe da linzamin Ɗan Kasawa ba? Da duka gaskiya ne, da ba a bar ko kaza a Katsina ba. Amma zancen gona ta faɗe shi dalla-dalla: wanda ya sari dajin, tsamiyar da ke kusurwar arewa, layin gamba da aka dasa ya zama iyaka, da rijiyar da suka yi gayya suka gina.

To yanzu ga naka. Layin da ke ƙarƙashin gidan Nomau, kakanka ne, da sunansa da na mahaifinsa. Mata biyu, jakai huɗu, saniya ko ɗaya babu. Gwaggo ta ce katanga ɗaya ta raba su tun a tsohon gari, can cikin kwari, kafin Gulbi ya cinye shi a ambaliyar 1945 aka hau da mutane tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu. Ta ce a kan jakan kakanka aka kwashe kayan gidanmu a ruwan nan, kuma da aka zo rabon filaye suka roƙa a bar su kusa da juna. Falke ne, goro yake ɗaukowa daga Gwanja. Saboda haka ka daina yi mana kurin jinin sarauta, malam. Sawun jakan kakanka ka bi har Kumasi, ba ka sani ba.

Maganar gona ba ta ƙare ba. Mai gari ya ce za a fita da dattawa a taka iyaka bayan Juma'a ta sama. Tsamiyar na nan, gamba kuwa rabi ya mutu. Gwaggo ta rantse sai an kai ta ko a amalanke ne.

Ga roƙona. Inna ta girmi Gwaggo, kuma a gidan nan na kakanka da ke maƙwabtaka da namu ta tashi. Ran da ka ga jikinta da dama, ka zauna kusa da ita ka kunna waya. Kada ka tambaye ta shekara, ba za ta ba ka ba. Tambaye ta wa ya gina rijiya, wa ke kai wa wa damin hatsi in an yi kaka, don mai aro shi ke kai dami. In ta ce mu ke kaiwa, ka turo mini haka nan, kada ka gyara. Ka yi ƙoƙari ya iso kafin ranar taka iyaka.

Na ɗauki hoton shafin, zan turo maka in intanet ta yarda. Ka gaida Inna da kyau, ka gaida uwargida da yara. Gwaggo ta ce a gaya maka tana bin gidanku goro tun na bikin babanka.

Wassalam,
Abokinka na tun makarantar allo