Kafin a sayar wa 'yan gwangwan, a karanta lambar motar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin magada da masu gareji a Bauchi da Gombe kan tsofaffin motocin da ke jibge a bayan gidaje, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kan kujera. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake kiran 'yan gwangwan su yanka su a auna a kilo, ba tare da an san ko wace iri ce ba, balle shekarar da aka ƙera ta. Gane mota ba duba ba ne, aiki ne na minti talatin ga wanda ya san inda zai kai ido.

A fara da sitiyari. Sai ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar da sitiyarinta ke dama, galibi kafin wannan rana ta shigo. Amma wannan alama ce kawai, ba hujja ba. Nijar da Chadi da Kamaru tun can a dama suke tuƙi, saboda haka akwai tsofaffin motoci masu sitiyari a hagu da suka tsallako daga can. Wasu kuma an juya musu sitiyari daga baya. A leƙa ƙarƙashin dashbod, za a ga ramukan da aka toshe da walda a ɗaya ɓangaren.

Fijo ce aka fi rikitawa, domin a bakin mutane duk tsohuwar Fijo 504 ce. Ba haka ba ne. 403 ta fito a 1955, jikinta a dunƙule, ba kusurwa mai kaifi. 404 ta biyo a 1960: fitilun gaba zagayayyu, bayanta da fukafukai biyu masu tsini, fitilun baya a tsaye, injinta mai cc 1,618 a kishingiɗe gefe guda. 504 kuwa sai 1968, fitilunta masu kusurwa, but ɗinta ya karye ya gangara, ita ce aka riƙa haɗawa a Kaduna daga 1975. Idan fitilu sun fashe, bodi ya lotse, a ƙirga notin taya: ƙaramar 404 noti uku gare ta, 504 huɗu.

Volkswagen Beetle, mai siffar kunkuru, a nan ne ido ya fi aiki, saboda shekara da shekaru siffarta ɗaya, ƙananan abubuwa ne ke canzawa. A zagaya baya a dubi gilashi. In an raba shi gida biyu, motar ba ta wuce farkon 1953 ba, kuma wannan ko kusa kada a bari guduma ta taɓa ta. In ƙarami ne mai siffar ƙwai, tsakanin 1953 da 1957 ne. In ya yi faɗi, daga ƙarshen 1957 zuwa sama. A dubi sandar da ke bayan ƙofa: idan akwai wani ɗan hannu da ke miƙewa waje ya nuna inda za a juya, maimakon sigina mai ƙyaftawa, motar ta kusan 1960 ce ko kafin nan. Noti biyar masu nisa da juna a taya, da fitilun gaba da suka kwanta, suna nuna kafin 1968. Sannan a ɗaga kujerar baya. A kan tudun da ya ratsa tsakiyar motar aka buga lambar shasi. Daga samfurin 1965, lambar na farawa da 11, sai lamba ta uku ta faɗi shekara: 115 na nufin 1965, 116 kuma 1966. Akwai kuma faranti mai ɗauke da lambar a gaba, bayan safayar taya. A gwada su, dole su zo ɗaya. Lambar inji tana ƙarƙashin mazaunin dinamo, sai dai kada a dogara da ita, domin noti huɗu ne kawai ke riƙe da injin Beetle, kuma da wuya a sami wadda ba a taɓa sauya mata ba.

Marsandi ita ma lambarta na magana. Mai jiki a dunƙule, 180, daga 1953 ta fara. Mai fukafukai a baya iri biyu ce: wadda lambar shasinta ta fara da 111 ta fito a 1959, fitilunta dogaye a tsaye, wadda ta fara da 110 kuwa a 1961, fitila zagayayya ɗaya kowane gefe. 110.010 mai fetur ce, 110.110 mai gas. Lambobi biyun da ke biye, in 20 ne, an ƙera ta da sitiyari a dama da giyar hannu. In 10 ne, a hagu.

Land Rover kuwa, wadda ta sha hanyoyin Ningi da Dukku tun ba kwalta, a shafa gefenta. Ta farko, 1948 zuwa 1958, gefenta shafe yake kamar allo. Daga 1958 aka yi mata ƙugu da ya ɗan kumburo ƙarƙashin taga. Fitilu a tsakiya kusa da lagireto na nufin kafin 1969. In ragar gaba ta roba ce, agogunan kuma suna gaban direba, ta 1971 ce zuwa sama. Bodinta alminiyam ne, mayen ƙarfe ba ya kama shi, shi ya sa take yaudarar mai saye: sama lafiya lau, amma shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba ƙarfe ne, tsatsa na cin su. A kwanta a ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma.

Kuskuren da ya fi ɓata mana rai shi ne goge lamba da giranda. Lambar ba ta da zurfi, shafa ɗaya ta tafi, kuma ba ta dawowa. A zuba kalanzir a bar shi ya jiƙa, a goge da burushin waya a hankali, a shafa alli, sai a share saman da yatsa. Farin zai zauna a cikin ramukan, lambar ta fito. A ɗauki hoto da waya. Kada kuma a ce lambar jabu ce don ba ta kai guda 17 ba, wannan tsarin sai 1981 ya zama ƙa'ida.

Na biyu shi ne gaggawar tayar da inji. Yawancin Beetle na kafin 1967 batir mai bolt 6 suke amfani da shi. A ɗaura musu na 12, ƙwayayen fitila su ƙone nan take. Injin da ya shekara goma a tsaye kuwa, zoben fistin ya manne da silinda, in aka murza shi da ƙarfi sai ya karye ya karce bango. A cire fulogogi, a zuba kamar cokali biyu na baƙin mai a kowane rami, a bar shi kwana uku, sannan a juya da sifana a hankali. In ya ƙi, a ƙara masa kwanaki. A zubar da tsohon fetur ɗin tanki kafin komai, don ya riga ya zama danƙo mai toshe kafireta.

Muna roƙon magada, kafin a shigar da irin wannan mota cikin rabon gado a matsayin tarkacen ƙarfe, a kira tsohon bakanike ya karanta lambar, a nemo takardunta a cikin akwatin marigayi, a kuma ajiye duk wani tambari ko murfin taya da ya faɗi, domin su ne ba a samu a kasuwa.

Wassalam.

Daga wasu tsofaffin kanikawa,
Bauchi.