A Dawo Mana Da Jirgin Fasinja Tashar Malam Madori

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan tashar jirgin ƙasa ta garinmu, Malam Madori, a Jihar Jigawa.

Dogo ya iso Kano a 1911, amma mu na gabas sai da muka jira kusan shekara 20, har aka ja layi daga Kano zuwa Nguru, aka kammala shi a 1930. Tsawonsa ya kai kusan kilomita 230, ya ratsa Ringim da Gagarawa da nan garinmu da Birniwa. Gyaɗa da fatu Turawa suke so su kwasa zuwa bakin teku, shi ya sa suka shimfiɗa shi, amma mu ma mun ci moriyarsa. Da yake dogon bai shiga cikin Haɗeja ba, nan ake kawo gyaɗar ƙasar, a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Aka kafa sikeli da sito-sito, ma'aikatan reluwe daga kudu suka zo da iyalansu suka zauna. Tashar ce ta raini garin nan.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dako ya yi a wannan tasha. Da buhun gyaɗa a ka ya ciyar da mu, da shi ya sa ni a makaranta. Ina yaro, da zarar mun ji kukan jirgi daga nesa sai mu sheƙa da gudu. Yara 'yan talla suna miƙa ƙosai da dafaffen rogo ta taga, fasinja na miƙo kuɗi, wani ma sai jirgi ya fara motsi sannan a cilla masa canjinsa. A cikinsa na fara zuwa Kano, ina riƙe da gefen rigar Baba, ban zauna ba har muka isa saboda kallo.

Farin da aka yi a shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya kasuwar, ga kwalta ta zo, motoci suka kwashe fasinja. Jirgi ya koma zuwa jifa-jifa har muka daina sa ran ganinsa. Duk lokacin da na wuce ta tashar na ga ciyawa a kan dogo, wallahi raina ɓaci yake.

Mun yi murna da sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina, da reshe zuwa Dutse. Allah ya sa a gama lafiya. Sai dai bai biyo ta wajenmu ba, alhali namu dogon yana nan kwance, gyara kawai yake jira. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota zuwa Kano ya gagari talaka. Akwai masu jinya da ke fasa zuwa asibiti a birni saboda kuɗin hanya, manomin riɗi da zoɓorodo kuwa ribarsa a kuɗin lodi take ƙarewa.

Don haka ina kira ga gwamnatin tarayya da gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe su haɗa hannu a kan wannan layi. Idan za a dawo da jirgin, a tsayar masa da ranaku sanannu, ko da sau biyu ne a mako, a daidaita su da ranakun kasuwannin da ke kan hanya, a haɗa taragon kaya da na dabbobi. Wanda ya zo tasha sau biyu bai tarar da jirgi ba, na uku mota zai nema.

Mu ma akwai namu aikin. Masu unguwanni da matasa su sa ido a kan masu kwance ƙarafan dogo suna sayar wa 'yan gwangwan, a kuma daina gini a filin tasha, don kada ranar da injiniyoyi suka zo dubawa su tarar babu wurin da jirgi zai tsaya.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani mai karatu daga Malam Madori, Jihar Jigawa