Liftar asibiti ba kayan ado ba ce

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan lifta, na'urar nan da ke hawa da mutane bene ta sauko da su. Na san wani zai ce ana fama da tsadar abinci wa ke ta lifta. Ni ma da haka nake gani, sai da abin ya zo kaina.

Watan jiya mahaifiyata ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Muka kai ta wani asibiti a nan Gombe, aka ce ɗakin da za a kwantar da ita yana hawa na biyu. Ga lifta nan a gindin bene, ƙofarta a rufe, an manna takarda cewa ba ta aiki. Takardar ta yi jajir da ƙura, gefenta duk ya nannaɗe, kana gani ka san ba bana aka manna ta ba. Mu huɗu muka ɗaga keken da Inna ke ciki, ni da ƙanena da wasu bayin Allah biyu da suka zo jinyar nasu. Duk taku ɗaya sai keken ya girgiza, ita kuma ta cije baki ta damƙe hannuna. Da muka kai kwanar bene ta ce, "Ku ajiye ni, 'ya'yan nan, in ɗan sha iska." Tana faɗa tana jan zaninta tana rufe ƙafafunta, don kunyar baƙin maza da ke riƙe da ita. Wallahi jan zanin nan ya fi nauyin keken tsaya mini a rai. Washegari aka ce a sauko da ita ɗaukar hoton ƙashi, muka sake shan wannan wahalar, sauka da hawa.

Na tambayi wani maƙwabcina mai gyaran lantarki da ya taɓa aiki da masu haɗa lifta a Abuja. Ya ce ai ba wani abin mamaki ba ne: akwati ne rataye da igiyoyin ƙarfe, da wani nauyi a ɗaya gefen da ke daidaita shi, da injin lantarki mai ja, da birki. Tun 1854 wani Ba'amurke mai ƙera lifta, Elisha Otis, ya tsaya a kan dandamali gaban jama'a a birnin New York, ya sa aka yanke igiyar, birkinsa ya kama bai faɗo ba. Abin da ke kashe ta a wajenmu, in ji shi, wuta ce mai zuwa da ƙarfi ta koma da rauni har ta ƙone allon da ke sarrafa na'urar, sai ƙurar hunturu da ke cushe hanyar ƙofa, sai uwa uba rashin mai duba ta a kai a kai. Ana sa kuɗin saye a cikin kwangila, a yanka zare, a tafa, amma ba wanda ya ware kuɗin kula. Ran da ta tsaya, sai an kira ƙwararre daga nesa, kayan gyara kuma da dala. Daga nan sai a nemo takarda da gam.

Ba ina cewa a je a kunna ta haka nan don an yi surutu ba. Ba mu manta da matashiyar likitar nan da lifta ta faɗo da ita a wani asibiti a Legas a watan Agustan 2023 ta rasa ranta ba. A gyara, a gwada, a sa mata batirin nan da ke kai ta hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa idan an ɗauke wuta, domin ba wanda zai so majinyacinsa ya maƙale cikin akwatin ƙarfe a zafin Afrilu na Gombe.

Kuma wannan ba alfarma muke nema ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su samar da hanyar shiga ga mai keke da mai sanda. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024.

Ina kira ga masu amincewa da taswirar gini a jiharmu, kada su sa hannu a benen asibiti ko ofis sai sun ga wanda zai kula da liftarsa da kuɗin da za a biya shi. Inda ba za a iya riƙe lifta ba, a gina hanya mai gangara da za ta ɗauki gadon majinyaci, a kuma sauko da ɗakin masu karaya ƙasa. Siminti ba ya jiran wuta.

An sallami Inna, amma za mu koma ganin likita mako mai zuwa. Ta tambaye ni ko sun gyara. Jiya na biya na duba, takardar tana nan a manne.

Naka,
Wani mai karatu daga Bolari, Gombe