Zuwa ga Ƙawata, kan Naman da Ya Bushe

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da maigida da yara. Saƙonki ya iso, na ga ƙorafinki kan tantaƙwashin da kika gasa wa baƙi ya fito a bushe. Na ji miki ciwo, don ni ma na daɗe ina ɓata wannan tsoka kafin in gane inda gizo yake saƙa.

Tsoro ne ke cutar mu. Muna gudun kada ciki ya fito ɗanye, sai mu ƙara minti 10, mu sake ƙarawa. Alhali tantaƙwashi tsoka ce da ke kwance ƙarƙashin ƙashin bayan saniya, ba ta wani aikin wahala, shi ya sa take da laushi, kuma ba ta da kitsen da zai rufa mata asiri idan wuta ta yi yawa. Ruwan jikinta ne kawai jarinta. Da zafi ya wuce kima sai ta takure ta matse shi waje.

Ki fara da cire farar jijiyar nan mai sheƙi da ke manne a samanta. Ki zura bakin wuƙa ƙarƙashinta ki ja a hankali. In kin bar ta, za ta tauye naman ya lanƙwashe. Siririn gefen kuma ki naɗe shi ki ɗaure da zare, kaurin ya zo ɗaya. Gishiri tun daren jiya nake sawa, kamar giram 10 ga kilo 1, in ajiye a firji ba murfi. Da safe za ki ga fuskar naman ta tsane, ta ɗan yi duhu. Haka ake so.

Sai kasko ya yi zafi sosai, ɗan mai kaɗan, ki soya kowane gefe har ya yi ja. Wasu na cewa wannan suyar ce ke kulle ruwa a ciki. Ba haka ba ne, ƙamshi da launi take bayarwa, kuma sun isa dalili. Daga nan sai oven mai zafin digiri 200 na Celsius.

Don Allah ki sayi ma'aunin zafin nama, ɗan tsinken nan da ake cakawa. Shi ya raba ni da kirdado. Tun daga minti 20 nake fara dubawa, in caka a tsakiyar wuri mafi kauri. Da ya nuna digiri 59 ko 60 sai in fitar, domin bayan an sauke zafin yana ci gaba da hawa, har ya kai 63 ɗin da ake nema.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne haƙurin minti 10 kafin yanka. Ranar da na yi gaggawa, ina kallo romon ya malale a kan katako, yara na dangwala da yatsa, naman kuwa ya tashi a banza. Yanzu rufe shi nake yi sama-sama in bar kicin ɗin gaba ɗaya. In kin zo yanka, ki gitta wuƙa kan zaren naman, kada ki bi tsawonsa.

Ki gwada a ƙarshen makon nan ki ba ni labari. Ki gaishe min da Mama da yara duka.

Taki har kullum,
Ƙawarki