Kaluluwar yara: a sa wa jira ranar ƙarewa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu yi magana da iyayen yara na Aboabo, Asawase da sauran zangunan Kumasi kan kaluluwa, domin muna ganin yaran da ake kawowa asibiti bayan an yi wata uku ana cewa "bari mu gani".

Yawancin kaluluwa ba abin tsoro ba ce. Jiki ne ke yaƙi da wani ciwo a kusa. Ta bayan wuya takan biyo makero ko ƙwarƙwata a kai, ta ƙarƙashin haɓa takan biyo ruɓaɓɓen haƙori ko ciwon maƙogwaro, ta matsematsi kuwa a duba ƙafa, sau da yawa akwai gyambo ko ƙurji. Irin wannan tana da laushi, tana zamewa ƙarƙashin yatsa kamar ƙwayar wake, kuma takan sauka cikin mako biyu zuwa huɗu idan an magance tushen.

Wadda ba a jira da ita daban take: ta wuce santimita 2, ta yi tauri, ta kafe ba ta motsi, ko ta fito a ramin da ke saman ƙashin wuya kusa da kafaɗa. Haka nan idan ta zo da zazzaɓin da ya haura mako biyu, gumin dare mai jiƙa zani, rama, ɗashewar tafin hannu, ko jini a dasashi. Rashin zafi ba alamar lafiya ba ce, wani lokaci marar zafin ce ta fi damun likita. Iya, ki ari tef ɗin tela ki auna faɗinta sau ɗaya a mako, ki rubuta ranar. Matsa ta safe da yamma ba ya ƙara komai sai kumburi.

Gwajin farko shi ne ƙirgen ƙwayoyin jini da duba jinin a gilashi, sai hoton ƙirji, sai sikanin. Waɗannan ba aikin makonni ba ne. Idan ana zargin tarin fuka, na'urar GeneXpert tana ba da amsa cikin kamar awa biyu, maganin kuma kyauta ne a Ghana. Wanda ke ɗaukar lokaci shi ne zuƙo ruwan kaluluwar da allura ko yanko tsokarta a kai ɗakin bincike. A nan jinkiri ke shiga: katin inshorar lafiya na NHIS ya mutu ba a sabunta ba (ana yi ta waya da *929#), takardar turawa ta ɓace, ko sakamako ya fito yana ajiye don lambar wayar da aka bari ba ta shiga. Kada ku bar ɗakin likita sai kun san sunan gwajin, inda aka kai samfurin, da ranar da za ku dawo. Ku bar lambar waya biyu.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne maganin kemis. Prednisolone da dexamethasone suna sauke kumburi cikin kwanaki, iyaye su yi murna, alhali idan sankarar jini ce sun ɓoye ta ne kawai, gwajin tsoka ya fito a ruɗe. Don Allah kada a ba yaro su kafin gwaji. Tsagar wanzami da sakiya su ma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Idan likita ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta aka shanye, mako biyu ba sauyi, a koma masa, ba a sayo wani ba.

Akwai sankarar Burkitt, mai kama muƙamuƙi ko ciki, wadda ta fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu irin tamu. Tana girma cikin kwanaki, haƙoran yaro su fara girgiɗi, amma tana jin magani sosai idan an kama ta da wuri. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen sankarar yara, haka ma asibitin Korle Bu da ke Accra, kuma NHIS ta sa Burkitt cikin sankarar yara huɗu da take biyan kuɗin maganinsu. Yaron da kuncinsa ɗaya ke ƙaruwa a idonku, a nemi takardar turawa a ranar, kada a jira Litinin.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar yara,
Asawase, Kumasi.