Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Yaɗa Labarai, Alhaji Mohammed Idris

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Kai ɗan jarida ne tun kafin ka zama minista, kai ka kafa jaridar Blueprint, don haka ba sai na yi dogon bayani ba. Roƙona ɗaya ne: kafafen da ke ƙarƙashin ma'aikatarka, kamfanin dillancin labarai NAN da NTA da Rediyon Najeriya da Muryar Najeriya, a saka musu manhajar da za ta riƙa maƙala linki da kanta a jikin labari, duk inda aka ce "rahoto ya nuna" ko "sanarwar ta ce" mutum ya danna ya ga takardar da idonsa.

Ka tuna farkon 2025 da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta ce hauhawar farashi ta koma kashi 24.48 a Janairu, alhali a Disamba 34.80 take? Ranar a guruf ɗin WhatsApp an sha zagi, wasu na cewa gwamnati ƙarya take tunda kwanon shinkafa bai sauka ba, wasu na ta murna wai sauƙi ya zo, kuma duk ba su san shekarar da ake auna farashin da ita aka canja ba, daga 2009 zuwa 2024. Bayanin yana nan cikin rahoton NBS, amma wa zai bar karatun labari ya je nemansa da 'yar datarsa?

Sai dai manhaja ba za ta haɗa ka da abin da babu shi ba, nan ne aikinka yake. Sanarwar gwamnati da yawa hoton takarda ne aka ɗauka da waya, a karkace, a wurga a Facebook ko X shikenan, inji ba ya iya karanta shi sosai balle ya gane labarin da ya dace da shi. Wadda aka ɗora a shafin ma'aikata kuma da an sake fasalin shafin sai linkin ya mutu. Wikipedia ta sha wannan matsalar, sai da manhajar Internet Archive, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, da masu gyaran Wikipedia suka gyara mata matattun linki sama da miliyan 9 zuwa 2018. Ka sa kowace sanarwa ta samu adireshinta na dindindin a .gov.ng, da kwanan wata, a rubuce ba hoto ba.

Kuma don Allah a gwada manhajar da Hausa tun daga farko. Wani zai rubuta Ɗambatta wani Danbatta, ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, in ba a koya mata ba labaran Turanci kaɗai za su amfana.

Manhajar ta kawo linkin, edita ya duba kafin a wallafa, don irin waɗannan na'urorin sukan ƙirƙiro adireshin da babu shi. A fara da NAN, tunda daga can jaridu da yawa ke ɗaukar labari.

Na gode, Allah ya yi jagora.