Tuwo ko mai: wanne mai son rage ƙiba zai bari?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku don in tofa albarkacin bakina kan shawarar da ke yawo a WhatsApp, wai mai son rage teɓa ya yi sallama da tuwo da shinkafa, ya koma ga nama da ƙwai da man shanu. Wasu kuma sun ce a'a, mai ne abin gudu, tuwo ba ruwansa.

An riga an gwada hanyoyin biyu. A 2018 masu bincike na Jami'ar Stanford a Amurka sun fitar da sakamakon gwajin mutum 609 na tsawon shekara guda. Waɗanda suka rage abinci mai sitaci sun sauke kimanin kilo 6, masu rage mai kuma kilo 5.3. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin lura shi ne, duka ɓangarorin an umarce su da rage sukari da farin gari, su ƙara kayan lambu.

To me ya sa wanda ya bar tuwo yake ganin sikeli ya faɗi da kilo biyu a makon farko? Yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye suga kusan rabin kilo a hanta da tsoka, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kamar giram uku. Ajiyar na ƙarewa, ruwan sai ya bi fitsari; ranar da aka koma ga tuwo ya dawo. Tsarin keto kuwa, wato na yanke sitaci sosai a koma ga mai da nama, yana buƙatar kada sitaci ya wuce giram 50 a yini, alhali kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kusa cinye wannan kason. A gidan da ake tuƙa tuwo kullum, wa zai jure shekara a haka?

Batun zuciya ne ya fi damuna. Rage sitaci yana sauke kitsen da ke yawo a jini, yana kuma taimakawa wajen sauke sugan jini. Amma idan aka cike gurbin tuwon da balangu mai kitse da man shanu, mugun kolestarol, wato LDL, yakan hau, kuma shi ne ke taruwa a jijiyoyin jini har ya kai ga bugun zuciya. Mutum na iya ramewa jijiyoyinsa na toshewa. Kusan rabin manja kitse ne mai daskarewa, man shanu ya fi haka, man gyaɗa kuwa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin abincin yini.

Masu gudun mai su ma suna da ramin da suke faɗawa: miya ta yi lami, yunwa ta dawo da wuri, sai a huce a kan burodi da shayi mai sukari cokali huɗu da lemon kwalba, wanda ɗaya mai 35cl ke ɗauke da sukari kusan ƙananan cokali tara.

A aikace, a rage malmala daga biyu zuwa ɗaya, a yi ta da gero ko dawa da ba a surfe dusarsu tas ba. Rabin faranti ya zama zogale, rama, alayyahu ko kabeji. Wake, alale, gyaɗa da kifi su tsaya a madadin nama mai kitse. Mai kuma a riƙa aunawa da cokali, a daina tuttulawa daga galan, don babban cokali ɗaya kalori 120 ne. Gishiri, har da wanda ke cikin magi, kada ya kai giram 5 a yini.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide kada ya yanke tuwo sai likita ya daidaita masa magani, in ba haka ba suga na iya faɗuwa har ya suma. Wanda ya zaɓi rage sitaci sosai kuma ya auna kolestarol kafin ya fara, ya sake aunawa bayan wata uku.

Wassalam.
Mai karatunku, daga Zariya.